Ranar Da Surukata Ta Nemi Hutu

Ko da zan manta kalar hular da na sa ranar ɗaurin aurena, ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar ta damina da na tsaya a gaban jama'a a unguwar Kongo, na riƙe makirufo da hannu biyu, na tona wa kaina asiri ba tare da kowa ya matsa mini ba. Har gobe in na bi ta gaban zauren taron nan a keke, sai in juyar da fuska ɗaya gefen, kamar ginin zai gane ni.

Bari in fara gaya muku irin mutumin da nake. Ni ma'abocin mafarkin ido biyu ne. Ana iya zuba mini tuwo ya huce a gabana, ni ina can wata ƙasa ana ba ni lambar yabo. Matata Sa'adatu ta daɗe da sanin wannan, in ta ga na kafe ido a jikin bango sai ta ce, "To, an tafi ke nan, a gaida mutanen can."

Muna da wata 'yar ƙungiyar ci gaban unguwa a Tudun Wada, ni ne shugabanta (ba don na fi kowa ba, ranar zaɓe na fita sayo wa jama'a ruwan leda ne, na dawo na tarar an naɗa ni). Abin da muke taƙama da shi ɗaya ne, wata cibiyar koyar da mata ɗinki. Ɗaki ne guda a jikin wani tsohon gida kusa da kasuwa, da kekunan ɗinki na ƙafa waɗanda wani bawan Allah ya ba mu sadaka. In ka bi ta layin da hantsi za ka ji ƙararsu tana tashi tana sauka, har da dariyar matan. Nakan tsaya daga nesa in lumshe ido in ga ɗakin ya zama bene mai hawa-hawa, da sunana a jikin ƙofa.

Dalilin da ya sa nake tsayawa daga nesa kuwa, mai koyar da ɗinkin surukata ce, mahaifiyar Sa'adatu, wadda kowa ke kira Inna. Lokacin da aka kawo kekunan ba mu da malama, sai ta aiko cewa za ta riƙe mana kafin a samu wata. To, ba a taɓa neman watar ba. Shekaru suka yi ta wucewa, waɗanda ta fara koya wa suka buɗe nasu shagunan, ƙannensu suka zo suka zauna a kujerunsu, Inna tana nan, ita ke buɗewa, ita ke rufewa.

Kun dai san tsakanin mutum da surukarsa. In na hango ta sai in cire takalmi in durƙusa, ido a ƙasa. Ina kwana, ina gajiya, ya mutanen gida, shi ke nan, sai kowa ya nemi hanyar tsira. Ban taɓa kama sunanta a bakina ba, ita ma ba ta kama nawa, baban Walida take cewa. Ƙarshen wata kuma ƙungiya takan ba da ɗan abin sabulu, ni in miƙa wa Sa'adatu, ita ta kai mata. Babu wanda ya taɓa kiran abin nan albashi, don in aka kira shi haka na zama ubangidan surukata ke nan, wannan kuwa ko a mafarkina ban isa ba.

A farkon daminar nan Sa'adatu ta same ni da magana. Ta ce yanar ido ta rufe wa Inna gani, likita ya ce sai an yi aiki, bayan aikin kuma sai ta yi makonni ba ta kusanci allura da zare ba, kuma in aka yi ta jinkiri abin zai iya ƙara lalacewa. Ta ce Inna ta ƙi tsayar da rana, wai wa zai riƙe ajin. Na ce Allah ya ba ta lafiya, Allah ya sa kaffara ne. A raina na ɗauka ai uwa ce, duk ranar da ta ga dama sai ta rufe ɗaki ta tafi, wane ni in ba ta izini? Sa'adatu ta ɗan tsaya tana kallona kamar akwai saura, ni kuwa na riga na koma jikin bango.

Ana cikin haka sakatarenmu ya kawo labarin cewa wasu lauyoyi sun shirya taron wayar da kai a Kongo, a kan sauye-sauyen da aka samu a dokokin da suka shafi ƙungiyoyi da masu ɗaukar ma'aikata. Kuma wai suna so wani daga cikin shugabannin ƙananan ƙungiyoyi ya ɗan yi tsokaci. Aka ce ni.

Daga ranar ban ƙara taka ƙasa sosai ba. Ina cikin keke zan ga kaina a gidan rediyo ana tambayata ra'ayi. Ina alwala zan ga an kira ni Abuja, an ajiye mini ruwan roba a gabana da 'yar takarda mai sunana. Na tsara jawabi a kaina a kan azzaluman iyayen gida masu tatse ma'aikata, na yi ta gwada shi a gaban madubin durowa, har da inda zan yi shiru in girgiza kai. Na kai babbar rigata wajen masu bugu. Sannan na aika wa matan cibiya cewa duk su halarta, wai don su ƙaru da ilimi (gaskiyar magana masu tafi nake nema).

Ranar aka wayi gari da yayyafi mai laushi, irin wanda ba ya jiƙa mutum sai dai ya kashe masa jiki. Zauren ya cika, ga masu shaguna, ga masu makarantu, ga shugabannin ƙungiyoyi irina. A layin gaba na hango Oga Emeka mai sayar da kayan gyaran keken ɗinki, wanda na san yana da ma'aikata a shagonsa, na ce a raina yau za ka ji a jikinka. Matan cibiyarmu suna can layin baya cikin hijabai, ban tsaya ƙare musu kallo ba.

Wata lauya da aka gabatar da sunan Barista Nafisa ce ta fara bayani. Muryarta a kwance take, ruwa kuma yana ta bugun kwanon rufi a hankali, sai maganar take zo mini kamar daga wani ɗaki. Na ji ta ce yanzu dole kowace ƙungiya mai rajista ta riƙa kai rahoton ayyukanta duk shekara, kuma hukuma na iya dakatar da amintattun ƙungiya in aka ga ana wasa da amana. Na ji ta ce duk wanda yake yi maka aiki kullum, da lokacin zuwa da na tashi, kana kuma ba shi wani abu a kai a kai, to kotu ba ta duba sunan da ka laƙaba masa, aikin take dubawa. Ta ce irin wannan yana da haƙƙin a rubuta masa yarjejeniya, yana da hutun shekara, yana da hutun jinya. Ni ina ta gyaɗa kai ina hararar ƙeyar Oga Emeka.

Da aka kira ni na hau dandamali, babbar riga tana ƙara. Wallahi na yi jawabi. Na yi maganar gumin talaka, na yi maganar hisabi, na yi shirun nan na girgiza kai daidai inda na tsara. Da na ga zaure ya nutsu sai na ɗaga yatsa na ce, "Duk mutumin da zai ga ma'aikacinsa ba shi da lafiya, ya bar shi yana aiki bai ce masa je ka huta ba, wannan ba mutum ba ne, ko da kuwa a sahun farko yake salla." Tafi ya kaure. A daidai lokacin ni har na ga jirgin Abuja.

Barista ta yaba, sannan ta tambaye ni cikin fara'a ko ƙungiyarmu tana da ma'aikata. Na ce a'a, mu duk 'yan sa-kai ne, fisabilillahi muke yi. Ta ce to wa ke koyar da ɗinkin da na ambata? Na ce wata dattijuwa ce. Kullum take zuwa? Na ce kullum. Ana ba ta wani abu? Na ce ɗan abin sabulu ne kawai. Ta yi murmushi ta ce, "Menene sunanta?"

Nan jirgin ya fara tangal-tangal. Na ce Hajiya. Ta ce Hajiya wa? Na gyara hula, na yi tari, na dubi silin. Sai wata daga layin baya ta ce, "Surukarsa ce, Barista, ki yi masa afuwa." Zaure ya fashe da dariya, ita ma Barista ta rufe baki ta ce ta janye tambaya. Na yi 'yar dariyar yaƙe, na ɗauka na tsira da wannan.

Sai wani hannu ya tashi a can baya. Inna ce. Ban ma san ta zo ba, alhali ni na ce duk su zo, ita kuwa ba ta barin ɗalibanta su je wuri ba ita. Ta miƙe a hankali, ta ƙi karɓar makirufo. Ba ni ta fuskanta ba, don ba ta taɓa fuskantata ba. Barista take son fuskanta, amma sai ta juya wajen taga inda haske yake, har sai da wadda ke kusa da ita ta ɗan karkato da ita. Nan ne na fara ganin inda idon ya kai.

Ta ce, "'Yata, ki tambayar mini shugabanmu. Wannan hutun jinyar da ya faɗa, har da irinmu ne, ko na ma'aikatan kamfani ne kawai? In har da mu ne, ina so in je a yi mini aikin ido. Amana ya ba ni, ban so in tafi bai ce ba."

Da gatse ta yi, da na samu sauƙi. Ba gatse ba ne. Da gaske take tambaya, kuma ta ga yau ne kawai ta samu wadda za ta aika wajena da maganar da ba a yi da suruki.

Abin da ya biyo baya ba ni na yi shi ba, jikina ne. Ganin surukata a tsaye tana magana, ƙafafuna suka zare takalmi da kansu, na durƙusa a tsakiyar dandamali cikin babbar riga, ido a ƙasa. Na manta makirufo yana bakina, na ce a hankali, "Har da ku ne, Inna." Lasifika ta ɗauka ta watsa har bakin titi.

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma ji tausayinta har ƙwalla ta cika mini ido. Da aka tashi na nemi sulalewa, sai Oga Emeka ya tare ni a bakin ƙofa, ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Shugaba, magana ka ya yi kyau sosai. Ka gaida Mama, Allah ya ba shi lafiya." Da ya mare ni da ya fi.

A gida Sa'adatu ta ajiye mini abinci. Sannan ta ce tun ranar da ta zo mini da maganar idon ta so ta faɗa mini cewa izinina Inna take jira, amma Inna ta hana ta, wai kada a ce tana neman alfarma a wajen mijin 'yarta. Wato ni ina jiran ta tafi don ta fi ƙarfin izinina, ita tana jiran izinin don ni ne shugaba, idon kuma yana ta rufewa a tsakaninmu.

Yarjejeniyar da doka ta ce a rubuta kuwa, a tsakar gidan Inna aka yi ta. Tana cikin ɗaki bayan labule, ina durƙushe a bakin ƙofa, Sa'adatu tana tsakiya tana maimaita wa kowa abin da ya riga ya ji da kunnensa. Sa'adatu ce ta rubuta sunan Inna, ni na rufe wajen da tafin hannu na sa hannu a ƙasa. A satin aka tsayar da ranar aiki. Manyan ɗalibanta suka riƙe ajin, kekuna ba su daina ƙara ba ko na yini guda.

Da aka cire mata bandeji ta warware, saƙon farko da ta aiko mini ta bakin Sa'adatu shi ne, ashe furfura ta fito wa baban Walida haka, ya riƙa hutawa.

Yanzu Inna tana zura zare a allura ba ta laluba. Ni ne dai har yau ban iya ɗaga ido in dube ta ba, kuma ba surukuta kaɗai ke hana ni ba. In kuma aka gayyace ni taro in yi wa azzalumai faɗa, nakan fara leƙa layin baya in ga su wa na gayyato su tafa mini.