An Yanka Baturiya Kafin Ta Zama Mushe

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika har wuya, gidan Alhaji Lukuman mahauci na unguwar Abattoir a Jos ke sanar da 'yan'uwa, abokan sana'a da maƙwabta rasuwar Baturiya, kwamfutar gidan, wadda ta cika ranar Laraba da hantsi a wannan shekara ta 1979. Ciwo ya kwantar da ita, wuƙa ta ƙarasa ta.

Marigayiyar ta taso ne a Rayfield, a gidan wani Baturen haƙar kuza da ya tattara zai koma garinsu. Alhaji ya je gwanjon kayansa da niyyar sayen firij, ya dawo da ita a bayan a-kori-kura, domin 'yarsa Kubra, mai karatun lissafi a babbar makaranta, ta ce da irin wannan inji za ta yi aikin da za a auna ta da shi a ƙarshen shekara. Alhaji bai yi boko ba, amma ya rantse a gaban mahauta cewa 'yarsa ba za ta faɗi ba muddin yana numfashi.

Kowa ya shaidi Baturiya da kamun kai. Ba ta yawo, ba ta gulma, ba ta cin komai sai wuta, in an ɗauke kuma ta yi shiru ba ƙorafi. In an kunna ta sai ta ce "ɗit", sau ɗaya, kamar gaisuwar mai kunya, sannan ta rubuta abin da ke ranta a fuskar talabijin. In tana karɓar karatu daga kaset kuwa, "ƙiiii, kurrr, ƙiiii" take yi, kamar akuyar da aka taka wa wuya, har sai da kajin gidan suka saba.

Ciwon ajalinta ya faro ne da aikin Kubra ya yi wa cikinta yawa. Aka aiko daga Legas da ƙarin ma'ajiya, wani baƙin abu kamar ɗan yatsa, mai ƙafafu jere irin na shanshani. Aka buɗe ta aka dasa mata shi kusa da ƙwaƙwalwa. Ta ƙi sanin da zamansa. Duk sanda aka kunna ta, adadin ma'ajiyar da ta saba shi take rubutawa, kamar ba a ƙara mata komai ba.

Aka kira Hyginus mai gyaran rediyo daga unguwar Congo-Russia. Ya zare abin, ya goge ƙafafunsa da sipirit, ya miƙe wadda ta lanƙwashe, ya mayar. Shiru. Ya jujjuya 'yan maɓallan ciki. Shiru. Ya sharara mata mari a gefe yadda yake wa rediyo, ta ce "ɗit", ta sake rubuta adadinta na jiya. Ya ce zai dawo gobe da na'urar awo. "Oga, kar ka taɓa shi fa," in ji shi. Kubra ma da za ta fita makaranta sai da ta durƙusa ta ce, "Baba, don Allah a bar ta yadda take."

To amma ranar miƙa aiki tana matsowa, kuma Alhaji ya sha tayar da shanun da suka ƙi tashi. Saniyar da ta ƙi miƙewa ta wannan gefen, juya ta ake yi ta wancan. Ya sa tsinin wuƙa ya ɓanɓaro abin, ya juya kansa inda gindinsa yake, ya danna. Ya ƙi shiga. Ya bi shi da ƙotar wuƙa, bugu a kan bugu, har ya nutse. Sannan ya kunna.

Wannan karon ba ta ce "ɗit" ba. "Tssss" ta yi. Ƙauri ya tashi kamar ana babbakar kan bijimi, hayaƙi ya fito mata ta haƙarƙari, rubutun talabijin ya kama karkarwa. Alhaji ya san wannan karkarwar. Tun yana saurayi dabba ba ta taɓa mutuwa mushe a hannunsa ba, kuma hannun bai tsaya shawara da kai ba. Ya fizgo ta ƙasa, ya fuskantar da ita gabas, ya danne ta da gwiwa, ya ja wuƙa a kan wayar wuta. Tartsatsi ya maka shi da bango, ya ci bakin wuƙar. Ya miƙe, ya ga har yanzu tana hayaƙi, ya koma ya luma mata ƙarfen a ciki, ya ja daga wannan kusurwa zuwa waccan. Koren allon cikinta ya dare biyu. Maɓallan rubutu suka warwatsu a tsakar ɗaki kamar haƙora.

Da Hyginus ya duba gawar, sai ya dafe kai. "Oga, ƙaramin abu ne kawai ya ƙone. Da ka cire filogi, da injin yana nan da rai." Alhaji ya bi shi da ƙarfen wasa wuƙa har bakin titi, kuma gidan na amfani da wannan dama ya ba shi haƙuri, domin gaskiya ya faɗa.

Marigayiyar ta bar talabijin, abokin zamanta, wanda ya koma nuna labarai ba walwala. Ta bar rakoda mai karaya a murfi. Ta bar kaset guda mai ɗauke da aikin Kubra kaf, wanda an zaga Jos ba a samu injin da ke jin yarensa ba. Malamin Kubra ya ce sai baɗi. Ita kuwa da ta dawo ta ga abin da ya faru, ba ta yi kuka ba. Ta tsugunna ta ɗauki kaset ɗinta, ta wuce gidan gwaggonta, kuma har yau ba ta ce wa mahaifinta uffan ba.

Za a binne marigayiyar ranar Asabar bayan la'asar, a bayan gida, gindin gwaiba. Liman ya ce kada a kawo masa wasa, don haka babu salla. Za a sa wuƙar a rami ɗaya da ita. Masu ta'aziyya su zo da bakinsu a rufe: wanda ya yi dariya, ko ya kawo shawarar abin da ya kamata a ce an yi, ya kuka da kansa.

Ba za a tura ƙasa ba sai Kubra ta iso. In ba ta zo ba, ramin zai zauna a buɗe, Alhaji kuma yana zaune a bakinsa. Wanda hanyarsa ta bi ta gidan gwaggonta ya biya ya faɗa mata.