Yadda Na Zama Malam Tafarnuwa

Ba zan taɓa mantawa da Ranar Al'adu ta makarantarmu ba, ko da na so, kuma wallahi na so.

Ina koyar da Hausa a wata sakandare a Isa. A shekarar nan na kamu da wani fim ɗin Turawa mai dogon zango da aka fassara, na masu shan jini da mutanen da ke rikiɗa kyarkeci. Kashi sittin aka tura mini a waya, na duƙufa a kansu dare da rana. Ko wa ya zauna kusa da ni sai ya ji tarihin dodannin nan, ya so ko bai so ba.

Ganin bakina ba ya hutawa, shugabar makaranta ta ce ni zan yi jawabi kan mayu da dodannin Gobir. Ta kuma raɗa mini cewa idan na yi abin kirki, ni za a ba shugabancin sashen Hausa, kujerar da na daɗe ina yi wa kallon nama. Sharaɗinta ɗaya, in je in tambayi tsofaffi. Na ce ai kakata Tumba tana Tsamaye, ba abin da ba ta sani ba.

Ban je ba. (Na ce wa kaina hanya ba kyau. Gaskiyar ita ce saura kashi tara in gama fim.) Na zauna na kwashe abin da na kalla, na sa masa rawani da tsagar Gobir.

Ranar taro rumfa ta cika da iyaye da dattawa. Na karɓi lasifika ina taƙama. Na ce mayen Gobir ba ya fita da rana, don rana ƙona shi take. Ba ya shiga gida sai an ce masa bismillah. Babban makaminsa haƙora biyu, babban abin tsoronsa tafarnuwa. Kowace magana sai na rufe ta da, “Haka kakata ta faɗa mini.”

Na ga dattawa suna kallon juna, na ɗauka ilimi ne ya ratsa su.

Sai shugaba ta miƙe tana murmushi, ta ce ta yi mini bazata: ta aika da babur an ɗauko kakar tawa. Na ɗaga kai na duba. Ga Tumba nan a layin baya cikin mata, tana taunar goro.

Aka kai mata lasifika.

“Kai, angona,” ta ce, “yaushe nib ba ka wanga labari? Rabonka da Tsamaye tun Sallar layya.”

Ta gyara riƙon lasifika, ta ci gaba.

“Maye ba ya cizo, ɗan nan. Kurwa shika kamawa, da rana tsaka ma, cikin kasuwa. In an gane shi a sa shi tsallake mara lahiya, shi ke nan. Tahwarnuwa kau, in da tana korar maye, da mu da muka sa ta miya kullum ba mu san shi ba.”

Daga cikin ɗalibai mata wata ta ɗaga murya, “Malam, ai a kashi na huɗu ne aka yi na tafarnuwar!”

Dariyar da aka yi har masu awara a bakin ƙofa sai da suka leƙo. Na tsaya da takarda a hannu, gumi har cikin takalmi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba dariyar ce ta fi ci mini rai ba. Tsohuwar nan ta hau babur ta sha wannan hanya don ta ji jikanta ya faɗi maganarta, ni kuwa na yi mata ƙarya a gabanta.

Kujera dai wani aka ba. Ni na samu suna, har 'yan aji ɗaya Malam Tafarnuwa suke ce mini.

Asabar ɗin da ta biyo na tafi Tsamaye da littafi da biro. Tumba ta ba ni labari har la'asar, da zan tafi ta ƙulla mini tafarnuwa a leda, wai saboda hanya.

Yanzu idan zan jingina wa wani magana, sai na fara leƙa layin baya.