Bargon Malama Ya Cika a Falon Ƙanwarta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma tafarfasar da har yanzu ba ta sauka ba, Malama mai ritaya ta bene na biyu tana sanar da 'yan uwa, maƙwabta da tsofaffin ɗalibanta rasuwar bargonta na saƙar kwarashi, wanda duk gidan ya sani da suna Dattijo. Ya cika ranar Laraba da hantsi a falon ƙanwarta Auta. Malama na riƙe da abin da ya rage na jikinsa tana ja, Auta na riƙe da dunƙulen zarensa tana ja, maigidan Malama kuma na tsaye a bakin ƙofa da makullin mota a hannu, ya kasa shiga ya kasa gudu. Marigayin ya bar duniya yana da shekara goma sha tara.

An haife shi a kan cinyar Inna, mahaifiyar Malama da Auta, a shekararta ta ƙarshe. Inna ta ɗaura zaren ulu ruwan ƙasa, ta yi zagaye bakwai, faɗin tafin hannu, sai idonta ya gaza. Ta miƙa wa babbar 'yarta kwarashin ta ce ta ci gaba. Irin saƙar nan ce da ake farawa daga tsakiya ana zagayawa zuwa waje, don haka hannun Inna ya zama zuciyar bargon, duk abin da ya biyo baya a kansa ya kewaya. Shekara uku Malama tana rainonsa, a ofishin malamai lokacin hutun tara, a layin asibiti, a kujerar baya ta bas. Ya yi shuɗi, ya yi ruwan toka, ya sake komawa shuɗi, har ya rufe gado ya zubo ƙasa.

Ranar da ta kammala shi, ta ɗaure bakin zaren ƙarshe, ta cusa shi da allura cikin wata kusurwa inda ko ita sai ta laluba take samu. Duk wanda ya san kwarashi ya san komai girman saƙa, ranta a wannan bakin zaren yake. A kunce shi a ja, shi ke nan. Mutum ɗaya tak Malama ta nuna wa wurin, ko wata rana za a buƙaci gyara ba ta nan. Ta nuna wa Auta.

Marigayin mai haƙuri ne, mai rufa asiri. Ya rufe Malama a zazzaɓinta, ya rufe 'ya'yanta uku da jikoki biyu, ɗaya daga cikinsu ya yi masa abin da jarirai ke yi, bai taɓa ƙorafi ba. Ba mai yawan magana ba ne. Idan aka jefa shi kan gado yakan ce bim, sau ɗaya, ya yi shiru. Lokacin sanyi idan aka yaye shi da sauri yakan ce tas-tas-tas, ya ɗan ja gashin hannu, ya koma barcinsa. Yana da tabo guda a ɓangaren shuɗi, na jan tawada da ta zube masa ranar da Malama ke duba takardun jarrabawa a kan gado. An wanke, an sake wankewa, tabon ya ce yana nan.

Rashin lafiyarsa ta fara ne wata huɗu da suka wuce, amma a lokacin babu wanda ya gane. Auta ce ta kamu da kallon bidiyon saƙa a waya, irin waɗanda ake cewa a gama abu cikin minti ashirin: faifan ɗora kofi, kwandon ajiye makullai, rigar butar shayi. Ta zo ta zauna a ƙasa gaban yayarta, ta ce a koya mata riƙon kwarashi. Malama ta ji daɗi har ta ba ta tsohon kwarashinta na ƙarfe. Bayan mako biyu maigida ya ɗaga bargon, ya shinshina, ya ce ya kamata a kai shi gidan wanki. Da hannunsa ya naɗe shi, da kansa ya sa a bayan mota. Malama har ta yaba masa a zuci, mutumin da shekara talatin bai taɓa ɗaga ko tsumma ba.

Mako guda ya wuce, ya ce bai bushe ba. Mako uku, ya ce mai wankin ya yi tafiya. Mako shida, ya ce injinsu ya lalace da bargon a ciki. A cikin wannan jiran ne Auta ta kawo wa yayarta tsaraba: faifan ɗora kofi guda shida, shuɗaye, an ɗaure su da kintinkiri. Malama ta juya su, ta duba ɗaurin, ta ce hannun Auta ya fara faɗawa. Har ta ƙara da cewa zaren mai kyau ne, irin wanda yanzu ba a samu. Wannan kalma ita ce ke hana ta cin abinci tun ranar Laraba.

Da safiyar ranar ta ɗaga kofin shayinta, haske ya faɗo kan faifan, sai ta ga ɗigo-ɗigon ja a warwatse cikin shuɗin, nan ɗaya can ɗaya. Ta kai shi hanci. Ƙamshin man zafin da take shafa wa gwiwarta ne. Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye kofin, ta yafa mayafi, ta ce wa maigida ya ɗauko makulli za su je gidan wanki. Ba su kai kwanar titi ta biyu ba ya amsa laifinsa: gidan Auta ya kai bargon. Ya ce shekara goma sha shida yana kwana kamar an ɗora masa ɗan maraƙi a ƙirji, yana zufa yana shiru don kada ranta ya ɓaci. Ya ce Auta ta yi masa alkawarin zagaye goma kawai za ta rage, bargon ya ɗan yi sauƙi, babu mai ganewa.

Zagaye goma. Da Malama ta tura ƙofar falon Auta, Dattijo bai fi faɗin rigar matashin kai ba. Yana kan kujera, zare na fita daga gefensa zuwa hannun Auta, yana cewa tsut-tsut-tsut a hankali, kowane tsut ɗauri guda ne ke barin duniya. A kicin tukunya na tafasa, an rataye zarensa a kan tururi don ya miƙe, kada a ga lanƙwasar tsohuwar saƙa.

"Yaya, tsaya in yi miki bayani," in ji Auta, ba ta kuma saki dunƙulen ba.

A nan ne Malama ta yi kuskuren da ba za ta yafe wa kanta ba. Ita da ta koyar da mata fiye da ashirin saƙa, ita da ta san ba a jan saƙar da bakinta ke kunce, ta fizgi bargon ta rungume ta nufi ƙofa. Auta ta riƙe zare gam. Tsut-tsut ɗin ya koma furrr. Duk taku ɗaya na Malama, zagaye ɗaya na tafiya. Ruwan toka ya tafi, shuɗin ciki ya tafi, abin da ke ƙirjinta na ta ƙanƙancewa, maigida na cewa ku tsaya, ku tsaya, ba wanda ya tsaya. Sai da ta ga ruwan ƙasa ya fara motsi, ɗauri biyu na hannun Inna sun kwance, sannan ta sunkuya ta datse zaren da haƙori. A daidai wannan lokaci aka tabbatar da rasuwarsa.

Ya rasu ya bar faifan ɗora kofi ashirin da huɗu, shida a gidan Malama, sauran sun watsu cikin ƙawayen Auta. Ya bar kwanduna uku, rigar buta ɗaya, da abin kama tukunya mai zafi guda biyu, ɗaya har ya ƙone a gefe. Ya bar wani abu mai kunnuwa da Auta ta ce zomo ne. Ya bar dunƙulen zare biyar da ba su zama komai ba tukuna, da kuma gado wanda tun ranar Malama ce kaɗai ke kwana a kansa, domin maigida ya koma doguwar kujera da zanin rufa mara nauyi, irin wanda ya daɗe yana mafarki.

Ya kuma bar zuciyarsa, zagaye bakwai ba ɗauri biyu. A kanta ake rigima yanzu. Auta, maimakon ta zo da kuka, ta aiko da saƙon murya mai tsawon minti tara, inda ta ce ita ma Inna ce ta haife ta, shekara goma sha shida Yaya na rufa da hannun Inna ita ko zare ɗaya ba ta samu ba, don haka a raba. Malama ta saurara sau ɗaya. Amsarta ba ta da tsawo.

"Ki gaya min ta ina ake raba tafin hannu, Auta. Kin iya warwara, ki koya min."

Za a yi jana'izar ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a ɗakin Malama. Za a naɗe abin da ya rage a farin ƙyalle, a sa shi cikin gwangwanin biskit tare da kwarashin Inna, a kai shi can saman kabad inda sai an taka kujera. Za a karɓi gaisuwa a falo har zuwa la'asar. Za a ba da shayi, amma za a ɗora kofuna a kan tebur haka nan. Duk wadda ke da faifai shuɗi a gidanta, ta taho da shi, ba za a tambaye ta komai ba. An yarda maigida ya halarta daga baranda. Game da Auta, iyali ba su cimma matsaya ba.

Ana cikin rubuta wannan sanarwa aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata doguwar mata ce da babu wanda ya taɓa gani, da tabarau rataye a wuya da ƙaramin almakashi a jikin makullanta. Ta gaisa da kyau, ta yi ta'aziyya, ta ce ita ce shugabar ajin saƙar da Auta ke zuwa, sauran mata goma sha ɗaya suna ƙasa suna jiran a ce su hawo.

"Auta ta nuna mana hoton tsakiyar nan," ta ce, tana leƙen bayan Malama. "Irin ɗaurin da ya ɓace ne, Anti, babu shi a kowane bidiyo. Ba za mu ɓata shi ba. Zagaye uku kawai za mu kwance mu ga yadda aka yi."

Saboda haka an dawo da jana'izar zuwa yanzu-yanzu. Malama ta riga ta hau kujera.