Ranar da Na Ɗaure wa Fara Wuya

"Bappa, ba ni sati biyu in hana farar Sahuda haihuwa!"

Ni Mubashshir na faɗi haka, da bakin nan nawa, a garinmu Sahuda, a gaban Bappa Bobboi, mahaifin Na'imatu da nake nema. Fara ta cinye masa rabin gonar wake, shi kuwa ya sha cewa ba zai ba mai digirin da ko akuya ba ya kora 'yarsa ba.

Na gyara hula na kama lacca. "Kusa da ƙwaƙwalwar fara akwai ɗan ƙullutu mai fitar da wani sinadari, homon sunansa. Jini ke kai shi jakar ƙwai, ya ƙwanƙwasa wa ƙwayoyin halitta ƙofa, su miƙa saƙo ciki, sai ƙwai ya fara girma. A tare hanya, magana ta ƙare."

"Da me za ka tare?"

"Da zare, Bappa. A ɗaure wuya."

"Duka farar Sahuda?"

"Gwaji tukuna."

An nuna mana wannan a makaranta. Abin da ban faɗa ba, ranar ina kujerar baya ina ɓarar gyaɗa.

Na je wurin ƙanwarsa Goggo Dijatu mai suyar fara, na roƙi masu rai. Manyan suka yi ta harbina har yatsa ya yi jini, sai na tsince ƙanana sirara masu ladabi, guda talatin. Kwana biyu ina ɗaurin wuya kamar telan aljanu. Goma suka mutu, biyar kai ya fita. Sauran na kife su da kwando a kan yashi.

Ranar cika sati biyu na tara rabin unguwa, na tankaɗe yashin da rariya. Ko ƙwai ɗaya babu! Kaina ya kumbura har hula ta matse ni, ga Na'imatu tana leƙe ta katanga.

Goggo Dijatu ta ɗauki fara ɗaya, ta juya gindinta.

"Likitan fara, wannan namiji ne. Wannan ma. Duka maza ne! Mai ƙwai ita ce babbar da ta harbe ka, ita nake soyawa."

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Kan Na'imatu ya ɓace daga katanga.

Bappa ya kaɗe rigarsa.

"Sannu da aiki, ɗana. Zakarana ma bai taɓa ƙwai ba, kuma ba wanda ya ɗaure shi. Ranar da ya yi, ka turo manyanka."