Rasuwar Haƙoran Injin Waldar Ustad Ilam Din

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Ustad Ilam Din, maƙerin akwatunan kwano a layin maƙera na birnin Gujranwala, yake sanar da rasuwar haƙoran injin waldarsa guda biyu, na sama da na ƙasa, ranar Talata da hantsi.

Su ne 'yan autan gidansu. Daga sanda ɗaya aka yanko su, jan ƙarfe mai ɗan gaurayen ƙarfen kuromiyam, wadda Ustad ya tsinto wurin masu fasa jiragen ruwa shekara goma sha tara da suka wuce. Yau ko guntunta babu.

Marigayan masu haƙuri ne. Su ciji kwano biyu, wuta ta ratsa, su saki ba gardama. Kuma sun iya riƙe sirri, don shekara uku ke nan idon Ustad ya dushe, babu wanda ya sani sai su. Da kunne yake aiki. In suka ce "ƙyas", ɗinki ya kama. In suka ce "fuss", tutiyar da ke jikin kwano ta ɓata musu baki, sai ya ɗauko magagari ya goge su.

Tutiyar nan ce ajalinsu. Kullum tana cin jan ƙarfen, baki ya yi ruwan ɗorawa, ya baje, Ustad ya goge, su ƙara gajarta. Ran Talata magagari ya huda hanyar ruwan da ke sanyaya su. Sai "tsuuu", ruwa ya tsarto masa a gemu. Wallahi dattijon nan ya yi kuka.

Marigayan sun bar inji, da magagari, da akwatuna goma sha ɗaya ba marfi. Surukinsa Shafqat ya kawo sababbin haƙora masu gaurayen sinadarin alumina, ya rantse tutiya ba ta liƙe musu. Gaskiya ya faɗa, kayan kirki ne. Amma fa kukansu iri ɗaya ne, ɗinki ya kama ko bai kama ba. Ustad ya gwada sau uku, ya kashe inji, ya gaya wa Shafqat abin da ya daɗe yana ɓoyewa.

Za a kai marigayan wurin mai narka ƙarfe ranar Alhamis bayan la'asar. Akwai shayi a ƙofar shago. A nan Ustad zai miƙa wa Shafqat makullin shagon. Ana roƙon duk wanda ya zo gaisuwa ya faɗi sunansa kafin ya miƙa hannu.