Ranar da Na Harbi Barcin Surukina

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na je gwada bindiga a bayan garin Sabha na ƙasar Libiya ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta.

A lokacin ina aikin gonar dabino a Zighan, ni kaɗai nake zaune a cikinta, daga ni sai injin ban-ruwa. Labarin 'yan asma, samarin nan masu tare baƙi su ƙwace musu waya da ɗan abin da suka tara, ya cika mini kunne har na fara jin motsi inda babu motsi. Sai na yanke shawarar in mallaki makami (ni da ko kaza zan yanka sai na kawar da kai).

Wani direban taksi ya haɗa ni da Haj Miftah, dattijon Balarabe da aka ce a zamaninsa gwanin gasar harbi ne. Yana da ƙaramar bindigar hannu da yake son rabuwa da ita, irin wadda ake harbin takarda mai zanen da'ira da ita. Ya ce ba zai sayar ba sai na gwada.

Bayan an sauko daga masallaci, lokacin da gari ke yin tsit kowa ya shige gida, ya ɗauke ni a tsohuwar motarsa. Muka wuce gidajen ƙarshe, muka wuce waɗanda aka fara ginawa aka bari, har muka tsaya a wani fili mai katanga. Tsohon wurin koyon harbi ne. A can ƙarshen filin akwai farantan ƙarfe da aka yanka da siffar mutane, a jere, sun yi tsatsa, ƙirjin kowanne duk huji. In iska ta ratsa hujin sai su riƙa fito a hankali, kowa da muryarsa. Babu tsuntsu ko ɗaya. Na lura Haj Miftah ya yi sallama da muka shiga, ban kuwa ga wanda ya yi wa ba.

Ya buɗe wani akwati mai shimfiɗar jan karan-miski. Bindigar siririya ce, bakinta dogo, harsashinta bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Marikinta na katako an sassaƙa shi daidai da hannun mai ita, don haka da na riƙe sai yatsuna suka faɗa cikin gurbin yatsun wani. Duk zafin ranar nan, sanyi ƙalau na ji ta.

"Haj, wannan za ta tsayar da ɓarawo?" na tambaye shi da guntun Larabcina.

Ya ce, "Don takarda aka yi ta. Sai dai ba ta san bambancin takarda da mutum ba."

Na tsaya ina lissafi a raina. In shurɗa, wato 'yan sandan ƙasar, suka kama baƙo irina, marar cikakkun takardu, da bindiga a ƙugu, ai sai dai a kai labari gida. In 'yan asma suka gan ta, su da ke yawo da manyan bindigogi, dariya za su yi su haɗa da ita cikin abin da za su ƙwata. Amma fa ta yi mini kyau a hannu. Har na hango kaina ina tafiya tsakanin dabinai ina ɗaga kafaɗa.

Ya ɗora gwangwanin tumatir a kan wata gajeriyar katanga, ya dawo, ya ce in rufe ido ɗaya. Na rufe duka biyun, na ja kunamar.

Ƙarar ba ta fi ta busasshen reshen dabino da aka karya ba. Gwangwani na nan inda yake. Sai iskar ta ɗauke, mutanen ƙarfen suka yi shiru. Daga bayan katangar aka yi wani nishi, dogo, mai nauyi. Wani farin abu ya fara miƙewa a hankali, a lulluɓe tun daga sama har ƙasa, babu fuska, ya tsaya a tsakanin masu huji a ƙirji kamar da ma cikinsu yake.

Abin da ya zo mini a rai shi ne na kashe mutum, kuma har an sa masa likkafani (kada ku tambaye ni yaushe). Na yar da bindigar mutane a yashi, na zura da gudu, ba ma ta wajen ƙofa ba, na afka cikin wani busasshen tafkin siminti. Ina kwance ina jin taku yana matsowa. Da ya tsaya a kaina, sai na ji bakina yana cewa da Hausa, "Wallahi ba ni ba ne, tsohon can ne ya harba."

Wato fatalwa na tsaya yi wa ƙarya, da Hausa, a tsakiyar Libiya. Abin mamaki, ta kuma ji.

"Wane tsohon?" aka ce.

Aka yaye mayafin. Kawu Isufu ne, ƙanen mahaifiyar matata. Ashe gadin wurin aka ba shi, ya kwanta a inuwar katangar ya lulluɓa da farin zane saboda ƙudaje. Na daɗe da sanin yana Sabha, kullum ina aika masa cewa aiki ne ya hana ni zuwa gaishe shi.

"Ashe kai ne," ya ce. "Aikin ke nan?"

Daga cikin ramin na gyara, na durƙusa yadda ya kamata. "Kawu, ina wuni."

"Lafiya lau. Fito."

Muka je muka duba. Harsashin ya ɓantari bakin katangar, ɓarɓashin siminti ya zubo daidai inda kansa yake. Haj Miftah ya shafa wurin da yatsa. Bai san an sa mai gadi ba. Babu wanda ya yi dariya a cikinmu. Ya ɗauki bindigarsa, ya hure yashin, ya mayar cikin akwati.

"Haj, ina ga ba ta yi mini ba," na ce, don in ɗan tsira da mutuncina.

"Na gani," ya ce.

Kawu ya dafa mana shayi, ya tambayi lafiyar dabino, bai sake tayar da zancen ba. Har na fara gode wa Allah da ya ba ni suruki mai rufin asiri. Kashegari matata ta kira daga Damagaram. "Kawu ya ce ka rame," in ji ta, "amma ya ce gudu kam, ma sha Allah."

Na koma gona na sayi kwaɗo mai ƙarfi da tocila, su ne makamaina har na baro ƙasar. Abin da na koya kuwa, in ka san kana da suruki a gari, ka je ka gaishe shi da ƙafarka tun da wuri, kada ka bari harsashinka ya riga ka yin sallama.