Rasuwar Shaho, Jirgin Ɗaukar Hoto na Maamobi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Zulkarnaini mai hoton biki na Maamobi nake sanar da 'yan'uwa rasuwar Shaho, ɗan jirgina mara matuƙi, wanda ya faɗi a duwatsun Aburi ranar Lahadi da hantsi.

Marigayin ya yi rayuwa ta hidima. Ya ratsa wayoyin lantarkin unguwar Nima bai taɓa ko ɗaya ba. Ya sha hayaƙin tukwanen waakye, wato shinkafa da wake, bai yi tari ba. In ya tashi ya ce "zuuu", hatta tsofaffin da ke cewa hoto ba kyau sai sun gyara hula.

Ajalinsa ya zo ne a bikin amarya Hidaya. Washegarin walima muka hau Aburi don hoton ƙarshe. Hajiya Sanatu, gwaggon amarya, wadda ita ce ta ɗauke ni aikin, ta lura kowa na sanye da yayin biki, wato anko, ban da Shaho. Ta ce a bikin gidansu ko direban motar haya ta trotro ba ya zuwa haka tsirara. Na yi mata bayani cikin ladabi cewa iskar dutse ba ta Maamobi ba ce: tana tasowa daga kwari ta ɗaga jirgi, in ya tsallake kan dutsen kuma ta danna shi ƙasa. Hajiya ta kalle ni kallo ɗaya. Aka yago ƙyallen leshi aka ɗaura masa a ƙafa.

Ya tashi lafiya, ƙyalle na kaɗawa, mata na guɗa. Yana kaiwa bakin kwari hazo ya taso, iska ta juya, leshin ya naɗe farfela. Na ja shi baya, ya ƙi. Ya yi "tat-tat-tat", ya karkata, sai shiru. Da hazo ya yaye muka hango shi rataye a reshen wata bishiya can ƙasa, inda ko akuya ba ta sauka. Iyalan mamacin ba su ɗora wa kowa laifi ba, kuma ba za su iya ba.

Ya bar batura biyu, da jaka, da ni. Ya kuma tafi da amana: katin ajiyar hoto da ke cikinsa na ɗauke da bikin kaf, tun daga ɗaurin aure har rawar Hajiya a tsakiyar titi, kuma ba a juye shi ko'ina ba. Ango Fatawu yana Italiya, wakili aka yi masa, bai ga ko inuwar bikinsa ba. Kullum sai ya bugo waya. Ga damina ta kawo kai, kati kuwa ba ya shiri da ruwa. Gaskiya tsoro nake ji.

Za a ɗauko gawa ranar Asabar bayan sallar asuba, in ruwa bai riga mu ba. Mota za ta tashi daga bakin kasuwar Maamobi. Moro mai lodin albasa a Agbogbloshie ya ba da aron igiya, ya ce dai ta ɗan kwana biyu. Ni za a zura cikin kwarin, ana neman addu'ar jama'a.

Hajiya Sanatu ta ce da hannunta za ta riƙe igiyar. Ta kuma aiko mini da ragowar leshin, wai in ɗaura kafin in sauka.